Manu Sanda, Makiyayin da Ya Duba Haƙoran Kifi

Gaisuwa buhu-buhu zuwa ga jama'ar duniya baki ɗaya, na Kano da na Ikko, na cikin Marsandi da na kan keke da wanda ƙafarsa ce motarsa, masu hula da masu ɗankwali, wanda ya ci ya ƙoshi da wanda har yanzu yake leƙen tukunya. Kowa ya ɗebi tasa, ba sai na bi gida-gida ba. Mai gaisuwar ni ne, Dabo Injiniya, shugaban masu gyaran keke na bakin tashar Birnin Kudu, wanda in ya ɗaura faci sai dai taya ta mutu ta bar facin. Da hannuna na yi rubutun nan. Ajin yaƙi da jahilci na yi, kuma malamin da kansa yace bai taɓa ganin irina ba. In kun ga wani harafi ya karkace, ku miƙe shi ku wuce.

Sai dai yau ba raha ce ta kawo ni ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ran Talata sha huɗu ga Nuwamba na wannan shekara ta 1978, naman babbar salla bai gama bushewa a igiya ba, Allah ya karɓi ran taubashina Manu Sanda na Dingaya ta ƙasar Gwaram. Bayan la'asar ne, yana kishingiɗe a gindin ɗinyar ƙofar gidansa, shanunsa na dawowa daga kiwo.

Manu ɗan gwaggona, bawana tun ran sunanka. Ka tafi ba ka nemi izinin ubangidanka ba, wannan kuma sai mun haɗu.

Tare muka tashi. Ni na fi ka kyau, na fi ka baki, wannan ko kai ba ka musu. Kai kuma ka fi ni sanin saniya. Kana jin kukan karsana daga bayan dutse za ka ce ƙaya ce a ƙafarta ta hagu, a je a tarar haka ne. Tun daga Dingaya har Sundimina babu wanda saniyarsa ta kasa haihuwa bai turo maka ba, ka taso ko kana tsakiyar cin tuwo, ka naɗe hannun riga, ka juya ɗan maraƙi a ciki ka fito da shi da rai. In an ce me za a ba ka sai kace a ba ka ruwa ka wanke hannu. Ranar da kogi ya ja ni muna samari, kai ka finciko ni ta wuyan riga. Har gobe ina gaya wa mutane iyo nake koya maka.

Shekarar da aka sauke tutar Bature ka bi shanun fatake zuwa Ikko a tarago. Da aka gama ciniki wani yace ku zo ku ga teku. Abokan tafiyarka suka kalla suka ce ruwa ne dai, suka juya. Kai ka tsaya. Kace min ba ka taɓa ganin makiyaya irin wannan ba, fili shimfiɗe shuɗi har inda sama ta sauko ta taɓa shi, ba gona ba shinge ba mai cewa shanunka sun yi masa ɓarna. Kana nan tsaye har jirgin ƙasan da ya kawo ku ya tashi ba kai. Wani mai kai nama jiragen ruwa ya ga ka iya wuƙa, ya haɗa ka da wani jirgin kamun kifi, ka zama mai feɗe kifi. Bafulatanin da ko tarwaɗa ba ya ci.

To jama'a, a nan ne ya haɗu da kifin da ma'aikatan jirgin ke cewa shak. Ni ban taɓa ganinsa ba, amma na ji labarinsa har in na rufe ido ina iya ƙirga masa tsage. Ba shi da ɓawo irin na kifinmu, fatarsa kamar samfefa, in ka shafa daga kai zuwa wutsiya sumul, in ka dawo da hannu sai ta kankare ka. Ba ƙashi ko ɗaya a jikinsa, duk guringuntsi ne kamar kunnen sa. A gefen wuya tsaga biyar-biyar kamar aikin wanzami, ta nan yake numfashi. A gadon baya tozo mai tsini, shi ne ke yanka ruwa ya fito in yana tafe. Bakin kuma ba a gaba yake ba, yana can ƙasa a ɓoye.

Manu, kai ba ka taɓa kallonsu a kifi ba. Garke ka gani. Ranar da aka fara jawo ƙato ɗaya aka yar a kan jirgi, ya daɗe kwance ba motsi, kowa ya ja baya yana jira. Kai kuwa ka yi abin da kowane ɗan gidanku zai yi in an kawo baƙuwar dabba: ka durƙusa, ka kama leɓe, ka sa hannu ka ga ko ya fid da biyu ne, ko huɗu, ko ya cika baki. Shekarunsa kawai kake son sani. Ashe shi wannan ko ya yi kamar ya mutu bakinsa bai mutu ba. Ya rufe. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka tafi. Kace min abin da ya fi ba ka haushi ba yatsun ba ne. Kafin ya rufe ka riga ka gani: haƙoran layi-layi ne, wani bayan wani kamar kunyar gero, na gaba na faɗuwa na baya ya matso. Dabbar da ba ta giɓi, ta ina mutum zai san shekarunta? Kace ranar ka san ka shigo ƙasar da ilimin ubanka bai kai ba.

Ba ka gudo ba. Ka zauna shekara da shekaru kana kiwonsu da ido. Lokacin farin da ya kashe mana shanu, buhunan busasshen kifi ka riƙa aikowa ta motocin shanu masu dawowa, kace a raba wa duk gidan da hayaƙi bai tashi ba. Mutanen Dingaya sun ci, sun sha romo, sun yi maka addu'a. A lokacin babu wanda yace maƙaryaci ne ya aiko.

Ka dawo shekarar da kuɗin mai ya cika gari kowa ya sayi babur da rediyo. Wasu sun dawo daga kudu da akwati, kai ka dawo da yatsa takwas da labari. Ranar kasuwar Birnin Kudu kakan zo rumfata, in na tashi mu hau kan dutse mu zauna, dawa na kaɗawa a ƙasa har iyakar gani. Sai kace, Dabo, rage idonka kaɗan, ka ga haka take. Sai ka fara kiransu ɗaya-ɗaya kamar mai kiran shanu da safe.

Akwai mai ƙaho, kansa a baje kamar guduma, ido ɗaya a wannan ƙarshe ɗaya a wancan. Su a garke suke tafiya, in jirgi ya bi ta kansu ka leƙa ƙasa sai ka ga kamar inuwar shanu na wucewa a cikin hazo. Akwai mai zane a haƙarƙari, shi kace akuya ne, ba abin da ba ya ci, kun taɓa feɗe ɗaya kuka tarar da kunkuru da gwangwani da takalmin roba. Akwai malalaciya mai kwanciya a ƙasan ruwa kusa da duwatsu kamar tsohuwar saniya na tuƙa, tana tsotsar kaguwa. Akwai gajere mai faɗin ƙirji, bijimin cikinsu, shi ba ruwansa da iyaka, yakan bar ruwan gishiri ya shigo kogi. Wasunsu kace ba sa tsayawa ko suna barci, in suka tsaya numfashi ya ɗauke, haka Allah ya yi su masu tashi kullum kamar kakanninmu. Jini kuwa suna jin ƙanshinsa daga nesa. Har ƙananan kifaye gare su masu manne musu a ciki suna tsince musu ƙwari, kace carkinsu ke nan. Kuma da yawansu ba ƙwai suke yi ba, haihuwa suke. Ka taɓa feɗe wata ka tarar da 'ya'ya a ciki suna motsi, ka kwashe su a bokiti ka mayar ruwa, ma'aikatan jirgi na yi maka dariya. Kace hannunka bai saba barin maraƙi ya mutu ba.

Amma wadda ka fi so ita ce babbar. Sau ɗaya ka gan ta, da hantsi, ruwa ya kwanta kamar madara a ƙwarya. Ta taso a gefen jirgi, tsawonta ya kai motar shanu, jikinta ɗigo-ɗigo fari kamar zabuwa, bakinta ya isa ƙofar zaure. Kowa ya zuba mata ido. Ita kuwa ko kallonku ba ta yi ba, ta buɗe baki tana tafe a hankali tana tace ruwa, 'yan mitsi-mitsin abubuwan da ido da ƙyar yake gani su ne abincinta. Duk girman nan ba ta cizo. Kace kiwo take yi, Dabo, kiwo kawai. Kace ka yi mata irin kiran da kake wa farar saniyarka, kuma ka rantse ta ɗan juyo.

Ni na yarda. Mutumin da ya taɓa gyara keken da jirgin ƙasa ya taka, me zai ba shi mamaki? Amma mutanen gari ba su yarda ba. Kifi da ƙaho, kifi mai haihuwa, kifi kamar mota. Aka ce yatsun ma injin niƙa ne ya cinye a Agege. Yara suka sa maka Manu Teku, manya suna murmushi. Kai ma kana dariya, har shekarar da ka ga jinjirin watan azumi daga wajen kiwo, ka zo da sauri ka faɗa a ƙofar masallaci. Wani dattijo yace, a gabanka, a jira wani shaidan, wanda ya ga kifi da ƙaho zai iya ganin wata a ko'ina. Ka sa takalminka ka koma wajen shanu. Daga ranar ba a ƙara kiranka shaidar ɗaurin aure ko iyakar gona ba, kai ma ba ka ƙara ba kowa labarin teku ba sai ni.

Ana jibi salla na je duba ka, na tarar ka rame. Nace, bawa, tashi ka yi wa ubangidanka shimfiɗa.

Kace, wane ubangida, mai warin man keke. Zauna nan.

Na zauna. Ka daɗe kana kallon gona, sannan kace, jiya na gan ta. Mai ɗigon nan. Ta biyo ta kan dawar maƙwabcina Ɗan'auta a hankali, ko kara ɗaya ba ta karya ba.

Nace, ka ce ta tsaya in sa mata iska.

Ka yi dariya har tari ya kama ka. Da ya lafa kace, Dabo, ni na gama. Amma Hambali ko sau ɗaya bai taɓa tambayata labarin nan ba. In na fara sai ya sunkuyar da kai ya tashi. Kunyata yake ji. Ba na son ya riƙa yi min addu'a yana roƙa min gafarar ƙaryar da ban yi ba.

Hambali shi ne babban ɗansa, jama'a, malamin Islamiyya ne a Kiyako, yaro mai hankali, bai taɓa ɗaga wa ubansa murya ba. Shi da liman Malam Muhammadu suka yi wa Manu wanka. Ran addu'ar uku da mutane suka watse ya ja ni bayan rumbu, yace, Baba Dabo, na ga hannun. Ban taɓa kallonsa da kyau ba sai ranar. Tabon ya zagayo ta tafin hannu kamar baka, huji-huji a jere. Inji ba ya haka. Sannan yace, tsakaninka da Allah, akwai kifin nan?

Ni Dabo da ban taɓa rasa amsa ba, har alƙali na taɓa mayar wa magana, ranar na tuna ban taɓa ganin teku ba. Iyakata Jos. Abin da na sani a bakin Manu na ji. Nace, ɗana, ba ni lokaci, zan sa duniya ta amsa maka.

Allah ya jiƙanka Manu, ya gafarta maka, ya sa kabarinka ya yi faɗi kamar filin nan da ka tsaya kallo har jirgi ya bar ka. Yadda ka tausaya wa dabba ta tudu da ta ruwa, Allah ya tausaya maka. Ina ta'aziyya ga mai ɗakinsa Hapsatu, da Malam Hambali, da 'yarsa Mairama da mijinta, da dangi na Dingaya da Gwaram da Sundimina, da shanunsa da har yanzu suke tsayawa a gindin ɗinyar nan in sun dawo. Allah ya ba mu haƙuri, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Saura roƙo, kuma kai nake nufi, kai mai karantawa. Tunda nake ban taɓa roƙon kowa komai ba in ban da goro da taba. In kana Ikko ko Fatakwal ko Warri, ko kana da ɗan'uwa mai aikin jirgi ko mai sayar da kifi a bakin teku, ka aiko min da busasshen muƙamuƙin shak da haƙoransa a jere. Kar ka aiko hoto, mutanenmu za su ce Bature na iya zana komai. Ƙarami ma ya isa, in dai hannun mutum zai shiga. Ka naɗe a buhu ka ba kowane direban motar shanu mai dawowa arewa, kace Dabo Injiniya, bakin tashar Birnin Kudu, ko akuya ya tambaya za ta nuna masa. Kekenka kuma gyara kyauta har ka mutu. Ina so ya riga sadakar arba'in zuwa, don Hambali yace shi zai ɗauka da hannunsa ya ajiye a ƙofar masallacin nan.

Ka hanzarta don Allah. Tun ranar da nace masa zan rubuta, kullum in ya tashi ɗalibai sai ya taho rumfata wai a sa wa kekensa iska. Tayar a cike take. Ina bugawa a hankali, shi kuma yana kallon motocin da ke shigowa daga kudu.