Tafiyata Wurin Mai Kwashe Ƙwan Kada

Litinin: Kano zuwa Bunkure

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi, cikin watan Maris, ina ɗauke da jaka da wani kwali a naɗe. Kwalin nan shi ne dalilin tafiyar. A ofishinmu na kula da namun daji an kawo sabon salo: kafin a fara aikin kare wata dabba, sai a rubuta sunanta cikin akwati, a zana wasu akwatunan na abubuwan da ke halaka ta, a ja kibiya daga kowane sanadi zuwa abin da ya haifar. Inda kibiya ta fi kauri, nan za a kai aiki.

Ni aka ba kadojin wani tafki a bayan Bunkure, waɗanda aka ce suna ƙarewa. Ina ƙarƙashin fanka na zana nawa tsaf. Na ja kibiya mai kauri daga akwatin kwashe ƙwai, a bayanta na rubuta sunan wani tsoho, Nomau, don an kawo rahoton ana ganinsa yana tone ƙwan kada kowace bazara. Oga ya duba ya ce ranar Alhamis da safe mota za ta je da 'yan sanda a ɗauko shi, ni kuma in je in ga wurin kafin nan. Zamanin soja ne, wanda aka ɗauka ba a cika sanin ranar dawowarsa ba.

Bas ɗinmu ta tashi daga Unguwa Uku ƙarfe shida da kwata. Ba mu yi nisa ba a hanyar Zariya muka iske shingen sojoji. Ɗaya ya warware kwalin, ya ga akwatuna da kibiyoyi, ya tambaye ni barikin wa na zana. A tsugune na yi masa bayanin kada, fasinjoji na ta hararata. Da ƙyar ya wurgo mini shi. Muka shiga Kura bakwai da rabi, na karya da koko da ƙosai na sule uku, na zauna jiran mota har azahar. Daga ƙarshe akori-kurar 'yan tumatir na samu, na hau kan kwandunan da babu komai a ciki, muka bi gefen kanal, wato babbar magudanar ruwan noman rani, kusan kilomita ashirin.

A Bunkure na sauka wurin Malam Isa, malamin gona, wanda muka yi makaranta tare. Bayan mun ci shinkafa da miyar ɗanyen tumatir na shimfiɗa masa kwalin ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallo, ya ce zane ya yi kyau, amma shi bai ga ruwa a ciki ba, kada kuwa a ruwa yake. Na ce masa aikin gona daban, aikin daji daban.

Talata: Gidan Nomau

Ƙarfe bakwai muka hau babur ɗinsa, kilomita tara a kan gaɓar kanal, hanyar da ba ta fi faɗin tabarma ba. Ban iya ruwa ba, kada kuma a gidan zoo kaɗai na taɓa ganinsa, sanda tsakanina da shi akwai ƙarfe. Na riƙe rigar Malam Isa har ya ce in sassauta kar in shaƙe shi.

Gidan Nomau ƙaton gida ne shi kaɗai a tsakiyar gonaki, na mutanen da suka riƙe al'adar kakanni. Muka tarar da tsohon yana zuba yashi a cikin wata babbar ƙwarya. Labari ya riga mu zuwa.

"Kai ne ɗan gwamnatin da ya rubuta sunana?"

Na ce, "Baba, bincike kawai na zo yi."

Ya ce to in zo in bincika da hannuna, bayansa na ciwo, in riƙe masa ƙwarya. Na waiwayi Malam Isa, ya ce shi zai tsaya gadin babur. A wannan jejin ban san wa zai sace shi ba.

A hanya Baba Nomau ya ce kada kan-gidansu ne, ba sa kashe shi, ba sa cin namansa. A da, da bazara tafkin ja da baya yake yi, uwar kada ta haƙa rami a yashin gaɓa ta binne ƙwanta. Tun da noman rani ya zo, rarar ruwan gonaki nan take gangarowa, sai tafki ya riƙa cika a lokacin da ya kamata ya ƙafe. Su kuwa kadoji inda iyayensu suka binne nan suke binnewa, ruwa ya hau ya ruɓar da ƙwan. Shi ya sa yake tonewa ya mayar da su tudu, taku talatin daga baki, inda uwar za ta ji kukansu ranar ƙyanƙyasa. Kunya ta kama ni, amma tsoro ya fi ta yawa, don mun riga mun iso.

Ruwan kore ne, shiru, tsakaninsa da ramin bai kai taku biyar ba. Ya durƙusa yana tono da hannu. Kowane ƙwai sai ya ɗiga masa gawayi a sama kafin ya ɗaga, ya dasa shi cikin yashin ƙwaryar da ke hannuna.

"Yadda ta ajiye shi, haka za ka ajiye shi," in ji shi. "In ka juya shi, ka kashe ɗan."

Mun kai wajen ƙwai ashirin na ga wani kututture a ruwa wanda ɗazu babu shi. Sai kututturen ya buɗe ido. Uwar ƙwan ce, ta taho a hankali har haɓarta ta hau gaɓa, ta buɗe baki ta yi wani irin huci. Duk addu'ar da na sani ta gudu, sai bisimilla nake ta maimaitawa.

"Kar ka gudu, yaro. Kar ka kalle ta."

Ya juya yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, kamar mai ba surukarsa haƙuri, hannunsa kuwa bai daina tono ba. Ta sake huci, na zabura, ƙwarya ta karkace, ƙwai huɗu suka mirgina gawayinsu ya koma ƙasa. Da ya gama muka ja da baya taku ɗaya ɗaya, ita ko tana nan baki buɗe. A tudu ya jera su a sabon rami, huɗun nan ya sa su gefe guda, ya rufe. Ya ce saura ramuka uku, ruwa zai kai gare su cikin mako, in za a kama shi a bari ya gama.

Laraba: komawa Kano

A Bunkure na sake kwana, da zazzaɓin tsoro. Da safe na goge sunan tsohon, Malam Isa na gefe yana mini dariya, na zana akwatin rarar ruwan gonaki, na ja kibiyar daga can. Babu mota sai sha ɗaya. A Kura bas ta ƙi tashi don babu mai, ga shi ofis ƙarfe uku da rabi ake rufewa, in Oga ya tafi gida kuwa sai dai Alhamis. Na tsaya bakin titi ina ɗaga hannu kamar mahaukaci har wata motar albasa ta ɗauke ni. A shingen sojoji na cusa kwalin cikin riga.

Uku da kwata na shiga ofis ina warin albasa. Oga ya riga ya ɗauki hularsa. Ya saurare ni a tsaye, ya tambaya ko da idona na gani, na ce da hannuna ma. Ya yi tsaki ya ce ai ruwa ba ya kamuwa, sannan ya aika a gaya wa direba an fasa tafiyar gobe. Na isa gida bayan la'asar, na sha fura, na kwanta.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni da ƙafafuna biyu, na gode wa Malam Isa da iyalinsa, da direban albasa da ban tambayi sunansa ba. Da damina ta faɗi wasiƙar Malam Isa ta zo. Ya ce Baba Nomau na gaishe ni, ya ce a gaya mini duka ramukan sun ƙyanƙyashe, ban da ƙwai huɗun nan da na sani.