Direban Da Ya Ƙi Cusa Mutum Na Huɗu

Tun kafin tasha ta cika yake zuwa. Zai zagaya tsohuwar bas ɗinsa, ya duba tayoyi, ya gwada burki, sannan ya kifa goshi a kan sitiyari ya yi addu'a. Daga nan sai lodi. Kujerar da aka yi domin mutum uku, mutum uku take ɗauka a motarsa. Wanda ya raina wannan bai taɓa yin doguwar tafiya da gwiwar wani a haƙarƙarinsa ba.

'Yan kamasho ne suka laƙaba masa Fasto don su yi masa ba'a, alhali bai taɓa yi wa fasinja wa'azi ba. Laifinsa ɗaya ne. Duk wanda ya shiga motarsa ya miƙe ƙafa, gobe sai ya fara yi wa sauran direbobi ƙorafi. Da abin ya ishe su, shugaban tasha ya kira shi gaban jama'a, ya ce ko dai ya yi lodi kamar kowa, ko ya bar layi.

"Kai Fasto, coci ka zo buɗe mana ko mota ka zo ja?"

"Ranka ya daɗe, jiya Lahadi na tsaya gaban Ubangiji na amsa cewa shi ya halicci mutanen nan. Ba zan wayi gari Litinin in danna su kamar buhuna ba."

Aka cire shi daga layi. Direban da ba shi da layi ba shi da abinci, ga yara a makaranta. Matarsa ta roƙe shi ya sassauta, ta ce mutum ɗaya kawai za a ƙara, ai ba sata ba ce. Ya ce mata ta yi haƙuri. Ya koma tsallaken titi ya faka cikin rana, tsoffin abokan aikinsa suna wucewa suna danna masa hon suna dariya.

Wata tsohuwa mai ciwon gwiwa ce ta fara tsallakawa, tana cewa gara ta jira ɗan nan ya cika da a sake naɗe ta kamar tabarma. Mata 'yan kasuwa suka bi ta, masu goyo suka bi su, Kirista da Musulmi. Motocin cikin tasha suka riƙa wuni ba su cika ba. Shugaban da ya kore shi, shi ya taka da ƙafarsa ya ce ya dawo. Ya dawo, bai ƙara ko mutum ɗaya ba. Yau a tashar nan, direban da ya ce a matsa, fasinjoji ne ke fara tsawata masa.

Yanzu idon direban nan ya yi rauni, ya ajiye makullin mota. Baba direba, kai ne ka nuna mana bangaskiyar da ba ta tsaya a ƙofar coci ba. Kai ne aka yi wa barazana da yunwa, ka ƙi tanƙwasawa. Mun gode, Baba. Ubangiji ya ba ka hutu da lafiya.

Ku kuwa masu cika bencin coci ranar Lahadi kuna kukan duniya ta lalace, ku daina damun mu. Kowa yana da tasa kujerar a wurin aikinsa, kuma ya san wanda yake dannewa a kanta. Gobe Litinin, ku bar shi ya zauna kamar mutum.