Jan Waken Dauda

Ranar wata Litinin ce ta tsakiyar damina, a dogon hutun shekarar da na gama aji huɗu. An kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi, ni da mahaifina muka fito daga gidanmu a Kurfi muka nufi gonarmu ta hanyar Tamawa. Shi yana gaba da carbi a hannu, ni ina baya da fartanya biyu a kafaɗa, gorar ruwa tana dukan cinyata. Da muka zo daidai filin makarantarmu sai na ji usur. Ina waigawa sai ga wata farar mota a gindin dalbejiya, ga wani Bature dogo, wanda ko ƙofar zaurenmu sai ya rusuna zai shiga, yana tsaye tsakiyar fili da gajeren wando yana ta busa iya ƙarfinsa. An zazzage buhun ƙwallaye a gabansa, na fata na gaske, ba irin tamu ta tsumma da muke ɗaurewa da robar taya ba. Amma fa filin wayam. Ban da awaki uku da wasu 'yan ƙanana da ko wando ba su fara sawa ba, babu kowa. Na saki baki ina kallo, har sai da Malam, wato mahaifina, ya ce, ko juyowa bai yi ba, "Lawal, ciyawa ba ta jiran mai kallo."

Malam Yohanna ne ya warware mana zancen da yamma. Shi Bahaushe ne Kirista, malaminmu na lissafi, kuma abokin hirar mahaifina, don sun fi shekara goma suna zama kan dakali ɗaya suna musu a kan ko hadarin gabas zai zubar ko iska za ta kwashe shi. Ya ce baƙin 'yan mishan ne daga ƙasar waje, sun sauka a Dutsin-Ma, kuma aikinsu ke nan, duk dogon hutu su je wata ƙasa su tara yara mako biyu, su koya masu wasanni da zane-zane da waƙa. Shugabansu, dogon nan mai usur, sunansa da bakinmu Dauda. Kuskurensu ɗaya ne. A ƙasarsu hutu lokacin zaman banza ne, shi ya sa suka tsara wasa daga ƙarfe takwas zuwa azahar. Su ina suka san cewa mu hutunmu na fartanya ne? A wannan lokacin duk yaron da ya isa buga ƙwallo ya isa yin maimai, wato noma na biyu, kuma yana can duƙe a cikin gero.

Wallahi ƙwallon nan ta hana ni sakat. Da asuba ina riƙe da allo a zaure, bakina yana karatu, zuciyata tana fili. A shekarar kuwa yayana ya tafi Katsina koyon aikin kafinta, gona ta rage daga ni sai Malam, ga harƙiya da tafasa sun taso kamar an aiko su. Da na yi ƙarfin hali na roƙi Malam ya bar ni in je wasan, sai ya ce in an gama maimai a sake magana. Ni kuwa na riga na lissafa, mu biyu ba za mu gama ba sai bayan kwana goma sha biyu, lokacin baƙi na naɗe kayansu. Ga kuma surutun unguwa. Wasu na cewa ƙwallon tarko ce, an zo ne a juya wa yara kai, kuma ɗan mai makarantar allo shi ne na ƙarshe da ya kamata a gani a wurin.

Washegari bayan la'asar sai ga Malam Yohanna ya yi sallama tare da Dauda. Baturen ya cire takalmi tun daga waje, ya yi ta fama da dogayen ƙafafunsa kafin ya samu yadda zai naɗe su a kan tabarma. Ni ina laɓe a bayan ƙyaure. Bayan gaisuwa Malam bai yi wani kewaye-kewaye ba, ya ce a tambaye shi mi ya kawo su. Dauda ya amsa, Malam Yohanna yana fassarawa. Ya ce shi Kirista ne, addininsa ne ya taso shi daga gida, kuma ba zai ɓoye wannan ba don a ba shi yara. Ya ce sukan yi addu'a da karatun littafinsu kafin a fara wasa, amma yaron da iyayensa ba su yarda ba ba zai zauna wurin ba, kuma babu abin da zai faɗa wa ɗan wani wanda ba zai iya faɗa a gaban ubansa ba. Malam ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "To, wanda ya faɗi abin da ke cikin jakarsa ya fi wanda ya ce babu komai." Amma ya ƙara da cewa ko ya yarda, gona ba ta yarda ba. A nan ne Malam Yohanna ya yi wa baƙon bayanin gayya, yadda ake taruwa a nome gonar mutum a yini ɗaya. Dauda ya ce su ma za su zo. Malam ya dubi tafin hannunsa, fari sol kamar na jariri, ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi a zaure ba.

Suka zo kuwa. Turawa huɗu, da samarin coci daga Dutsin-Ma, da abokaina da suka ji labari suka tsere daga gonakin iyayensu don kallo, aka kama su aka ba su fartanya. Inna ta dama fura cikin babbar ƙwarya da nonon da ta saya wurin wata Bafillatana mai zuwa daga Birchi. Ni kuwa na liƙe wa Dauda, ina ta hura hanci, don ni kaɗai cikin yaran nake iya haɗa kalmomin Turanci uku su tsaya. Ya nuna tsiro ya tambaye ni wanne ake sarewa. Da guntun Turancina na nuna mashi gero na ce wannan abinci ne, na share hannu a kan sauran na ce duk ciyawa ce. Na manta sam da waken Inna, wanda muka shuka a tsakanin gero kwana goma da suka wuce, ya fito da 'yan ganyensa kamar na ƙaramar tafasa. Daga nan na tafi ɗauko ruwa, na tsaya nuna wa abokai yadda Turawa ke magana ta hanci. Shi kuwa bawan Allah ya duƙa da gaske. Rana ta mai da wuyansa ja wur, hannunsa ya yi bororo, amma bai ɗago ba sai da ya share layi shida ƙal, ko ganyen wake ɗaya bai bari ba.

Malam ne ya fara gani. Ya tsaya a bakin layin, ya sunkuya ya ɗauki tsiro ɗaya da ya fara yaushi, ya juya shi a hannu. Waken nan ba na wasa ba ne, irin da Inna ta ɓoye cikin toka tun kakar bara ne, da shi take ƙosai da alala, kuma ba ta da sauran ko tafi ɗaya. Malam ya ce a tambayi baƙo wa ya nuna mashi abin da zai sare. Na san in ya nuna ni, ba ƙwallo kaɗai na rasa ba, har da fatar bayana. Dauda ya dube ni sau ɗaya, ya kau da kai, ya ce fartanyar a hannunsa take, shi ya sare, kuma ya kamata ya sake tambaya da ya ga tsiron a jere. Aka ƙarasa aiki, aka sha fura ba armashi, aka watse. A gida Inna ta yi ta faɗa, wai an kawo mata masu gyara sun yi gyaran gangar auzinawa. Maganar wasa kuwa ko da wasa ban tayar ba.

Kwana biyu bayan haka, da sassafe, muka iske farar motar a bakin gona. Dauda ne shi da Malam Yohanna, hannunsa naɗe da bandeji, yana rungume da ƙullin wake da ya sayo a kasuwar Dutsin-Ma. Ya ce ba biya ya zo yi ba, so yake a koya mashi ya mai da abin da ya cire. Malam ya gwada mashi, a sara rami da dunduniya, a jefa ƙwaya uku, a rufe da ƙafa. Dauda ya cire takalmi ya bi layi yana ƙirgawa a bayyane kamar ɗan aji ɗaya, ƙaya na sukarsa yana ɗingishi. Ni dai kallonsa nake, abin yana cina. A layi na uku na kasa daurewa, na je gaban Malam na durƙusa na ce ni ne na ce wa baƙon duk ciyawa ce. Malam ya ce, "Na sani tun ranar. Jira nake in ga yaushe bakinka zai kai na baƙo." Ya ja kunnena har sai da na ga wuta, ya ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Sannan ya ce in mun gama shuka in je in wanke ƙafa, kada in shiga filin mutane da taɓo.

Daga ranar suka sauya tsarinsu gaba ɗaya. Da safe su bi yara gonaki, yau ta wannan gobe ta wancan, amma fa Dauda ba a ƙara ba shi fartanya ba sai da mai tsaro. Da yamma kuma fili ya cika maƙil. Muka koyi ƙwallon raga da tseren buhu, mu kuma muka koya masu langa, suka yi ta faɗuwa muna shewa. Matar Dauda, da ke cikin Turawan, ta raba mana fenti da manyan takardu a ƙarƙashin dalbejiya, ni na zana gonarmu da wani dogon mutum a duƙe, wuyansa na sa mashi ja har takardar ta huje. A ƙwallo gola suka sa ni, kuma gaskiya raga ta fi ni kamawa. Abin da ban manta ba shi ne, kullum da an kira magariba, ko ƙwallo tana bakin raga, Dauda zai busa usur ya nuna mana hanyar masallaci. Ya cika alkawarin da ya yi a zaure har ranar da suka tafi. Ni kuwa ranar na ɓuya bayan aji na yi kuka, kunya ta hana ni zuwa ban kwana.

Da kaka ta yi sai wani abin ya fito. Waken Inna fari ne, amma layi shidan nan da aka ɓare sai ga shi ja. Ashe Dauda bai san wake iri-iri ne ba, ya sayi wanda ya fara gani. Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni, Baturen nan ko a gyaran ma sai da ya yi ɓarna!" Amma da ta dafa ta ga ya fi saurin nuna, ita da kanta ta ware iri ta zuba cikin toka. Tun daga nan kowace shekara akwai layin jan wake a gonarmu, kuma duk gidan ba mu san shi da wani suna ba sai waken Dauda. Har Malam ya rasu, in baƙo ya tambayi asalin sunan, yakan ce na wani mutum ne da ya ɓata kuma ya dawo ya gyara.

Yanzu ina zaune a Dutsin-Ma da iyalina. Turawa sun daina zuwa, ban kuma san ko Dauda na raye ba. Gonar hanyar Tamawa ma damina nawa ke nan ba mu taka ta ba saboda halin tsaro, na ji an ce tafasa ta kai ƙugu. 'Ya'yana suna da ƙwallon fata har biyu, amma ba su san bambancin wake da tafasa ba, ni kuwa ba ni da bakin yi masu dariya. Irin dai yana nan cikin wata tsohuwar gora da Inna ta bar mani. Duk damina nakan cire takalmi in sara rami da dunduniya a bayan gida, in jefa ƙwaya uku, in rufe. Bana ma ya fito.