Tasbihi a Gindin Teku

Shekarar da Sin ta karɓi gasar Olamfik, biza ta yi wuya, masu sari daga Kano suka ɗauke ƙafa. Muna zaune a shagona na kasuwar Tianxiu da ke Guangzhou muna hamma, sai abokina, wani Bahaushen zangon Kumasi mai lodin kaya, ya ce, "Malam, shekara nawa kana tura wandon jins ta teku, amma ko kududdufi ba ka taɓa shiga ba! Zo mu je ka ga jirgin da ya nutse."

Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Tun ina yaro nake tsoron ruwa. Na ce wallahi sai na je.

Mako biyu wani Basine yana koya mana nutso a tafkin wanka a Guangzhou, tukunyar iska a baya, bututun numfashi a baki. Kullum gargaɗinsa ɗaya: in bututu ya kuɓuce ka lalubo shi, kada ka yi sama a guje, huhunka zai illata. Abin da bai sani ba, ni ba na ganin abin mamaki bakina ya yi shiru.

A tsibirin Hainan, mu da malamin nutson namu muka bi igiya muka sauka cikin teku. Sai ga jirgin kwance a gefensa, murjani ya lulluɓe shi. Kifaye rawaya suna shiga ta taga suna fita ta ƙofa kamar gidan ubansu. Wani ƙaton kunkurun teku ya fito daga ɗakin matuƙi.

Na wage baki na ce, "Subhanallahi!"

Bututu ya faɗi, ruwan gishiri ya cika mini baki. Kai, na ga mutuwa! Ƙafafuna suka fara harbi za su yi sama da ni. Na ƙanƙame igiya, na miƙa hannun dama baya yadda aka koya mini, na lalubo bututun, na mayar, na fesar da ruwan. Iska ta shigo.

Malamin ya nuna sama, yana tambaya ko mu fita. Na girgiza kai. Ni da na sha wannan wuya? Sai da na zagaya jirgin nan kaf, abokina yana bina a baya, farin ciki kamar ya fasa mini ƙirji. Sauran tasbihin kuwa, da yatsu na ƙarasa shi.