Kakana Bai Mutu a Hanyar Makka Ba

Lokacin da abin nan ya faro, ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Riyadh, muna zaune da maigidana da 'ya'yanmu a wani ɗan gidan haya a unguwar Malaz. Ban taɓa zama mai hayaniya ba. A gidanmu can ƙasar Katsina ni ce ta tsakiya, wadda in yayyenta maza suka yanke magana sai ta ce to. In tafi aiki, in dawo in ɗora tukunya, ranar Juma'a in kira gida in gaida Baba, iyakar rayuwata ke nan. Edita, na rubuto muku ne domin an daɗe ana ba da labarina a bayan idona, yau ina so in ba da shi da bakina. Ba zan kama sunan kowa ba, amma duk wanda abin ya shafa zai gane kansa.

'Yata ta fari a nan aka haife ta, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Wata rana ta dawo daga makaranta ranta a ɓace. An ce kowace yarinya ta zano asalin danginta, 'yan ajinsu suna ta jero kakanni kamar masu hadda, ita kuwa daga mahaifina sai ta cije. Na zaunar da ita na ba ta labarin da aka raine mu da shi. Kakana marini ne, ya ɗauki sanda ya nufi Makka da ƙafa tun zamanin Turawa, ya bar Baba yana koyon magana, kuma Allah ya yi masa rasuwa a hanya wajen ƙasar Sudan. Da wannan labarin gidanmu ya yi suna. Duk shekara ana dafa abincin sadaka dominsa, masallacin ƙofar gida da sunansa ake kiransa, babban yayanmu kuwa ba ya tashi daga taro bai tuna wa mutane cewa mu jikokin wanda ya cika a hanyar Allah ne ba. Yarinyar ta saurare ni tsaf, sannan ta tambaye ni a wane gari aka binne shi, kuma wa ya kawo labarin mutuwarsa. Na girma, na yi karatu, na haifi 'ya'ya, ban taɓa yin wannan tambayar ba.

Wallahi da farko kabari nake nema. Na ce ko sunan garin na samu, wata rana in kai Baba ya tsaya a kansa ya yi addu'a. Ina da wata ƙawa tun ta firamare da ke koyarwa a garinmu, ita ta zama ƙafata. Takan ɗauki wayarta ta je wurin tsofaffi, ni kuma ina nan ina sauraro, wani lokaci a ɗakin hutun ma'aikata da abincina a gabana yana hucewa. Ta je wurin liman, ta je zauren dagaci, ta je gidan wani tsohon hedimasta da ya daɗe yana tattara tarihin garin. A bakinsu na ji abubuwan da ban taɓa sani ba: daga inda marina suka zo, yadda aka kafa unguwarmu, inda karofin kakana yake kafin a cike ramukan a yi shaguna a wurin. Amma duk wanda aka tambaya batun mutuwar sai ya ce haka dai ya taso ya ji. Ba wanda ya san gari, ba wanda ya san wanda ya ga gawa.

Hedimastan ne ya ce a je wurin wani dattijo, ɗan gidan marina, wanda idonsa ya tafi amma hankalinsa na nan daram. Ƙawata ta gaya masa ko ni wace ce. Sai ya ce shi ya kusa kabari, ba zai tafi da nauyin wani ba. Ya ce shekaru bayan tafiyar kakana, mahaifinsa ya je aikin hajji a jirgi, kuma ya ga kakana a Makka da ransa, sun yi musabaha, sun ci abinci kwano ɗaya. Da ya dawo ya faɗa wa manya. To a lokacin kakata ta riga ta yi takaba, ta yi wani aure, har da 'ya'ya. Manya suka ce in maganar ta fita za a taɓa auren, a taɓa yaran, saboda haka a binne ta. Aka binne ta, aka bar Baba yana maraya.

Na yi kwanaki ina aiki kamar ba ni ba. Daga baya na fara tambaya a nan Riyadh, a hankali, wurin suna da walima, musamman a bakin matan da iyayensu suka zo da ƙafa suka zauna. Aka yi ta tura ni daga wannan zuwa waccan, wasu wuraren na dawo a banza. Har wata ta ce akwai wata Hajiya a unguwar Jaradiya da aka auro daga Makka, tana yawan cewa ubanta marini ne daga ƙasar Katsina. Ranar hutuna maigidana ya kai ni, yana ta ja mini kunne a mota kada in sa rai. Da matar ta buɗe ƙofa sai na ga Baba a fuskarta. Goshin Baba ne, kunnuwansa ne, har yadda yake karkata kai in zai saurari mutum. Muka zauna, ta kawo gahawa da dabino, ta faɗi sunan garinmu da na unguwarmu da Hausarta mai gauraye da Larabci, ta faɗi sunan kakata, ta faɗi sunan Baba na yanka wanda ko mu 'ya'yansa ba ma furtawa. Ta ɗauko hoton wani tsoho mai farin gemu da tsagar gidanmu a kumatu. Ta ce ya yi shekaru yana ƙwadago a gonakin Sudan kafin ya iya tsallako teku, kuma da ya samu labarin an ɗauke shi matacce matarsa ta yi aure, sai ya ce ba zai koma ya rusa mata ɗaki ba, ya zauna a Makka har Allah ya yi masa rasuwa. Ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce, "Yayana yana da rai? Ki gaya mini gaskiya, ya binti, 'yata, yana da rai?"

Na kira babban yayanmu a ranar, ina murna, ina zaton zai yi kabbara. Abin da ya fara tambayata shi ne wa na faɗa wa. Ya ce 'yan takari ne, mutanenmu da suka yi zaune a Saudiyya, suka ga ma'aikaciya mai albashi suka shirya mini tatsuniya. Na tura masa hoton, ya gani, bai musa tsagar ba, amma ya ce ko gaskiya ne ba mu da bukatarta. Kafin mako ya zagayo magana ta kai kunnen Baffa, ƙanin Baba da suke uwa ɗaya, ɗan auren kakata na biyu. Shi ya kira ni da kansa, mutumin da ya yi mini walicci. Ya ce ashe na je ƙasa mai tsarki ne don in tono abin da zan sheganta shi da shi, shi da ƙannensa da 'ya'yansu. Na rantse masa ban taɓa kawo haka a raina ba, bai saurare ni ba. Aka cire ni daga dandalin dangi na waya. Aka yi bikin 'yar yayana, a bakin bare na ji. Wata gwaggo ta aiko mini da saƙon murya tana cewa zaman Larabawa ya cire mini kunya, wai har an fara cewa aljanu ne suka shafe ni. Umarni ɗaya suka ba ni gaba ɗayansu: kada Baba ya ji, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

Na yi shiru na watanni, kuma wannan shirun ne kaɗai abin da nake nadama a cikin labarin nan. Ina zuwa Jaradiya, Hajiya tana tambayata yaushe za ta ji muryar yayanta, ina yi mata hanya-hanya. Ina kiran Baba yana sa mini albarka, ni kuwa ina riƙe da mahaifinsa da ƙanwarsa a cikina. A wannan tsakanin na tuntuɓi malamai, a nan da kuma gida, na kwance musu komai ba tare da suna ba. Suka ce matar da mijinta ya ɓace, aka tabbatar mata da mutuwarsa, ta yi takaba ta yi aure a gaban shaidu, ba ta da laifi, 'ya'yanta kuma 'ya'yan halak ne ba ko shakka. Na aika wa Baffa wannan, ya ƙi buɗewa. A nan na gane ba shari'a suke tsoro ba, bakin mutane suke tsoro. Ni kuma aikina ya nuna mini yadda tsofaffi ke tafiya ba sallama. Na ce wa maigidana in ɗaya daga cikin tsofaffin nan biyu ya rasu ba su ji muryar juna ba, ba yayana Allah zai tambaya ba, ni zai tambaya, domin ni na sani.

Da hutuna ya zo na tafi gida. Yayana ya tare ni a zaure ya ce in na buɗe baki babu ni babu shi. A rayuwata ban taɓa ɗaga ido na kalle shi ba, ranar na kalle shi na ce, "Yaya, uban Baba ne. Ba naka ba ne da za ka ɓoye, ba nawa ba ne. Ka ba ni hanya." Na wuce na samu Baba a kan tabarmarsa bayan la'asar. Na gwada hawan jininsa tukuna, na zauna kusa da shi, na faɗa masa komai a hankali tun daga farko. Bai katse ni ba. Da na miƙa masa hoton ya kai shi kusa da ido ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Duk rayuwata saurayi nake yi wa addu'a. Ashe ya yi furfura." Bai faɗi ba, bai suma ba. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, ya yi fushi. Ya yi kwanaki ba ya son magana, ya ce ko ba don matar ba, ai akwai ɗa, kuma uba ba ya barin ɗa saboda kunya. Ban ba kakana kariya ba, ban kuma zage shi ba. Ana gobe zan dawo ya kira ni ya ce in nemo masa yarinyar nan. Yarinyar da yake nufi tana da jikoki. Na haɗa su a waya suna ganin juna, ta ce "Yaya" sau ɗaya ta fashe da kuka, shi kuma ya ce mata ta daina kuka, ta gaya masa wane irin abinci tsohon yake so.

Yau Baba yana nan da ransa, kuma kusan kullum sai sun gaisa, rabin maganarta ba ya ganewa amma ba ya ajiye wayar. Shi da bakinsa ya tara 'ya'yansa ya ce a ci gaba da sadaka, a daina cewa a hanya aka rasu. Baffa har yanzu ba ya amsa gaisuwata. Yayana in na kira sai ya miƙa wa matarsa. An aiko mini cewa in na ba da haƙuri a gaban dangi za a manta da komai. Ina gaishe su, zan ci gaba da gaishe su har in mutu, domin jinina ne. Amma haƙurin me zan bayar? Ban ƙirƙiri labari ba, ban ci mutuncin kakata ba, matar da aka ce wa mijinta ya mutu ta yarda. In akwai masu neman gafara, waɗanda suka kalli yaro ƙarami suka bar shi yana kukan maraici alhali sun san gaskiya ne, kuma sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya yafe musu.

Abin da zan gaya wa masu karatu shi ne, ku je wurin tsofaffinku tun suna iya magana. Tarihin gidanku yana zauren dagaci, yana bakin liman, yana wurin tsohuwar da kuke wucewa ba ku gaishe ta ba, kuma duk wanda aka binne a cikinsu da nasa kason ake binne shi. Sai dai kada ku fara in ba ku shirya jin abin da ba ku so ba, domin ba kowane kaka ne zai fito yadda aka zana muku shi ba, kuma waɗanda za su fi jin haushinku naku ne na jiki. In kun samu gaskiya ku tabbatar da ita, ku tambayi malamai, ku kai ta da ladabi ga mai haƙƙinta. Kada ku yi jinkirin da na yi. Duk wanda ya ce muku tsoho ba zai iya ɗaukar gaskiya ba, ku duba da kyau, sau da yawa shi ne ba zai iya ba. Ni dai an cire ni daga dandalin dangi, amma mahaifina ya samu ƙanwa yana da shekara saba'in da ɗoriya, kuma in aka mayar da ni baya, wallahi ƙofar nan ta Jaradiya zan sake ƙwanƙwasawa.