Hagun Baba

Duk gidanmu a Kebbe ba wanda ya gane ciwon Baba, kuma ni na fi kowa kuskure. Ɗalibansa suka ce gudun duniya ne, don yakan ci tuwon dama ya bar na hagu a akushi kamar an yanka da wuƙa. Inna ta ce tsufa ne. Ni na ce fushi yake da ni saboda sakandare, tunda da ƙyar ya bari na tafi.

Tun ina ƙarama wurin zamana a hagunsa yake, dama ta baƙi ce. Da na gama makaranta na dawo, sai in durƙusa nan in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri, wata rana ma shiru. Na ajiye masa takardar sakamakona a gefen, ta wuni kan buzu bai taɓa ta ba. Ni kuwa ba ni da haƙuri. Na daina gaisuwar safe, wata fuɗu cur. Na tafi Tambuwal wurin Gwaggo, ƙanwarsa, na ce mata malantarsa ta waje ce, a gida mutum ne mai riƙo. Ita kuma ta baza wa dangi.

Da Baba ya bugi ƙofar zaure da kafaɗa ya faɗi, Kawu, wanda kwangila ta buɗe wa a shekarun arzikin man fetur, ya kai shi wani babban asibiti a Kudu, inda aka kawo sabuwar na'ura mai ɗaukar hoton cikin kai. Aka tafi da ni don ina jin Turanci. Likita ya ɗaga hoton a haske, ya nuna tabo a daman ƙwaƙwalwa, inda jini ya taɓa toshewa. Ya ce idanunsa lafiya lau, amma abin da ke hagunsa hankalinsa ba ya kaiwa gare shi. Ni aka sa na fassara.

Baba ya juyo da dukan jikinsa har ya same ni.

"Ashe kina nan, Uwata? Cewa nika yi karatu ya sa kin fi ƙarfin gaishe ni."

A mota na gaya wa Kawu ya sauke ni a Tambuwal. Da bakina na ɓata Baba, gida gida zan bi in ce ƙarya na yi, kuma da Gwaggo zan fara.