Ɗigon da ke Gindin Dutse

Da sassafe Auta ta tashi ubanta ya tuƙa ta zuwa bayan gari, kamar kowace Asabar. Ita mai ɗaukar hoton duwatsu da fadamu ce. Shi kuwa malamin jogirafi ne da ya yi ritaya, ya koma direbanta.

Da hantsi ta kafa kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku. "Baba, je ka can gindin dutsen. Ƙara gaba. Kar ka juyo."

"Kullum sai kin kore ni."

"Surutunka ne ke girgiza min kyamara."

Da azahar suna gida, yana tsaye a bayanta tana duba hotunan a kwamfuta. Ya ce sararin sama ya yi yawa, ta rage. Ta ce, "Bari Kawu ya gani tukuna."

Kawun nan ba dangi ba ne. Tsohon mai studiyo ne da ya koya mata aiki: ta daidaita layin da ƙasa ta haɗu da sama, ta bar hanya ta ja ido zuwa ciki, kada ta cika launi har ciyawa ta koma fenti. Shawarar uban ba ta taɓa shiga hoto ba. Sai Kawu ya ce ya yi ake kawo masa ya yaba.

Da la'asar ta tafi studiyo. Da magariba ta dawo da ciwon kai. Mako bai zagayo ba ta rasu.

Hotunan ranar suka rage ba gyara, uban ya ce shi zai ƙarasa su, ba wani bare ba. Ya rage sama. Ya goge wani ɗigo a gindin dutsen. Sai dutsen ya zama kamar tsakuwa, shi kuwa ya rasa dalili.

Matarsa ta ce, "Malam, girman kai rawanin tsiya. Kai wa mutumin nan."

Kawu ya daɗe yana kallo. "Allah sarki, 'yata." Kalmar ta soki uban.

Kawu ya ce, "Ina ɗigon nan?"

"Datti ne, na goge."

Kawu ya maido shi, ya ƙara masa girma: mutum ne, hannuwa a baya, ƙeya da sanƙo.

"In ba mutum, ido ba ya gane girman dutse. Ni na ce ta riƙa tsayar da wani. Ita ta ce sai kai."

Duk hanyar gida, "ni na ce" ɗin nan ne ke yi masa amo a kunne.

Tufafinta aka raba wa 'yan'uwa. Kwamfutar ya bar wa Kawu ya ƙarasa aikin, don ya fi shi iyawa. Da Kawu ya roƙi sandar mai ƙafa uku don tunawa da ita, sai uban ya ce za a duba. Tana nan bayan ƙofar ɗakinsa, da busasshiyar lakar ranar a ƙafafunta.